Sanƙo, Ƙora da Cinyewar Goshi: Ina Kuɗin Maganin Zubewar Gashi Ke Tafiya?

A Rafin Guza, kamar sauran unguwannin da ke maƙwabtaka da Kawo a Kaduna ta Arewa, zubewar gashi damuwa ce da hula da ɗankwali ke rufa wa asiri. Ba a zuwa dubiya dominta, ba ta kuma shiga lissafin cefane, amma tana cin aljihu a hankali kamar gara. Saurayi ya lura goshinsa na ja da baya, sai ya aika a sayo masa man da ya gani a Facebook. Budurwa biki ya matso, gashin gabanta ya cinye, sai ta nufi wurin masu gyaran jiki. Uwa ta ga wani farin zagaye a kan ɗanta, sai ta aika kemis a ba ta na shafawa. Su ukun duk "maganin zubewar gashi" suke nema, alhali abin da ke damun kowannensu daban ne, maganinsa daban, kuɗinsa ma daban.

Daga nan ruɗanin ya samo asali. Wasu na cewa sanƙo ba shi da magani, duk wanda ya kashe sisi a kansa ya yi asara. Wasu na rantsuwa cewa akwai man da ke cika kai da gashi cikin mako biyu. Wasu kuma na ganin sai mai kuɗin zuwa Turkiyya ne zai rabu da matsalar. Magana ta farko da ta uku suna da ɗan ƙamshin gaskiya, ta biyu kuwa ba ta da shi ko kaɗan, domin gashin ɗan Adam kimanin tsawon santimita ɗaya kawai yake ƙarawa a wata.

Ma'anar kalmomin

A kan mutum akwai silin gashi kusan 100,000. Kowane sili yana da saiwa a cikin fata. Yakan yi shekaru yana tsawo, ya huta na kimanin wata uku, ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne. Macen da ta bar kitso mako uku, ranar tsifa za ta ga gashin kwana 21 ya taru a matsefi lokaci guda, sama da sili dubu, sai gabanta ya faɗi, alhali lafiyarta lau. Akwai kuma bambanci tsakanin zubewa da karyewa. Gashin da ya zube daga saiwa yake fita, wanda ya karye kuwa saiwarsa na nan daram, bushewa ce ko zafin man miƙarwa ya gutsure shi.

Likitoci na kiran duk wata zubewar gashi da kalmar alopecia, wadda asalinta daga harshen Girka take. A ƙarƙashinta akwai nau'o'i da dama.

Sanƙo shi ne na gado. Wani sinadarin jiki mai suna DHT, wanda ke fitowa daga sinadarin mazantaka, shi ke ƙanƙantar da saiwar gashin goshi da na tsakar ka har ta daina fitar da gashi mai kauri. Mata ma suna samunsa, sai dai nasu yakan zo da sirancewar gashin tsakar ka.

Ƙora, wadda wasu ke haɗawa da makero, cuta ce da ƙwaya irin ta fumfuna ke kawowa. Ta fi kama yara, tana kuma yaɗuwa ta aska, injin aski, mataji, hula da matashin kai.

Cinyewar goshi ita ce wadda jan gashi ke haddasawa: matsattsen kitso, ɗaurin gashi da ƙarfi, ko nauyin ƙarin gashi.

Akwai zubewar da ke biyo bayan wahalar jiki, kamar haihuwa, zazzaɓin taifot, tiyata, ƙarancin jini, ko ciwon ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod. Akwai kuma wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi saiwar gashi, sai a wayi gari a ga wani zagaye sumul kamar an ɗora kwabo an aske. Likitoci na ce mata alopecia areata, a gida kuwa akan danganta ta da sammu ko iska. Na ƙarshe shi ne mai barin tabo, inda saiwar ke mutuwa gaba ɗaya, kamar yadda ake gani a wasu matan da tsakar kansu ke kwashewa, da mazan da ƙurajen ƙeya suka yi wa tudu.

Abin da ya sa nauyin ya ƙaru

Tushen matsalar ya fi ƙarfin gashi. A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fita. Kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan ƙasar kuma daga waje ake shigo da su, musamman Indiya da Sin, don haka farashinsu yana bin dala sau da ƙafa. A watan Yunin 2023 gwamnati ta bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira. Dalar da ake sayarwa wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. A watan Agustan 2023 kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a ƙasar, abin da ya zama abin misali a duk hirar tsadar magani.

A ɗaya ɓangaren, mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, gwamnatin Uba Sani kuma ta amince da 72,000 ga ma'aikatan Jihar Kaduna. Da yawan mazauna unguwanni irin Rafin Guza ko wannan ba su da shi. Lebura, mai Keke Napep, mai noman bakin kogi da mai 'yar tireda, abin da yini ya bayar shi ne nasu.

Sai kuma ƙarancin ƙwararru. Likitocin fata a Najeriya ba su kai ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya ba, kuma akasarinsu a manyan asibitocin koyarwa suke. Mazaunin Rafin Guza da ke son ganin ɗayansu sai dai ya nufi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a tsakiyar gari, ko ya hau mota a tashar Kawo zuwa asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tafiyar kusan kilomita 80. Kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin gwaji da yinin aikin da aka rasa duk suna cikin lissafi. Kemis kuwa yana bakin layi, mai tallan magani da lasifika shi ke zuwa har kasuwa da kansa. Ba abin mamaki ba ne a ce su ake fara tuntuɓa.

Kashi huɗu na kashe kuɗi

In aka bi ta kan aljihu, zubewar gashi ta kasu huɗu.

Kashi na farko shi ne wanda ke warkewa da kansa. Mai jego kan fara ganin gashinta na zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, kuma yawanci kafin yaro ya shekara ya dawo. Haka ma bayan zazzaɓi mai tsanani. A nan duk man da aka saya shi zai sha yabo, domin gashin da ma zai dawo ko an shafa ko ba a shafa ba. Abin da ya cancanci kuɗi shi ne gwajin jini. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma maganin ƙara jini yana cikin mafi araha a kanti.

Kashi na biyu shi ne wanda ake magancewa sau ɗaya a huta. Ƙora ce babban misali. Ƙwayar cutar tana shigewa cikin silin gashi da saiwarsa, inda man shafawa ba ya kaiwa. Maganinta na sha ne, kamar griseofulvin, na mako shida zuwa takwas bisa awon nauyin yaro, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne a sayi man shafawa mai haɗi uku, wanda ke ɗauke da sinadarin kwantar da kumburi. Ƙaiƙayi ya lafa kwana kaɗan, ƙwayar kuwa ta samu sarari ta bazu. A sayi na biyu, a sayi na uku, a goga toka ko wani abu mai zafi, ƙanne su ɗauka. Wani lokaci kan ya kumbura ya yi ruwa, ya bar tabon da gashi ba zai sake tsirowa a kai ba. Kuɗin mayukan da aka jera ya isa sayen maganin gaskiya tun farko.

Cinyewar goshi ma, in aka farga da wuri, maganinta kyauta ne: a sassauta kitso. Alamarta a bayyane take. Yarinya ta taso daga gaban makitsiya girarta a ɗage, fatar goshi na sheƙi, ta kwana ba ta iya ɗora kai a matashi, har sai an ba ta maganin ciwon kai. Bayan kwana biyu ƙananan ƙuraje su fito a layin gaba. Wannan saiwa ce ke neman agaji. Wani bincike da Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta jagoranta a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2007, ya sami wannan matsala a kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da aka duba. In aka ɗauki shekaru ana ja, saiwar kan mutu, garin neman gira a rasa ido.

Kashi na uku shi ne wanda ake biya muddin ana son gashin, wato sanƙo. Magunguna biyu ne suka fi shahara a kansa. Minoxidil asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura yana tsiro da gashi, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na shafawa a 1988. Finasteride ƙwaya ce ta maza da aka amince da ita a 1997. Tana iya taɓa sha'awar wasu ƙalilan, kuma ba a yarda mai ciki ta sha ta ko ta taɓa fasasshiyarta ba. Dukansu sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga alama, ba kowa suke yi wa aiki ba, kuma da zarar an daina, gashin da aka samu zai zube cikin 'yan watanni. Wannan jimlar ta ƙarshe ce mai talla ba ya faɗa. Mu ɗauka, don misali kawai, kwalbar wata guda naira 10,000 ce. A shekara ta zama 120,000, wato fiye da albashin wata ɗaya da rabi na ƙaramin ma'aikaci. A shekara goma, naira miliyan 1.2, ko da farashi bai motsa ba. Wanda ya sayi kwalba biyu ya tsaya, kuɗinsa ya bi ruwa.

Kashi na huɗu shi ne wanda saiwa ta riga ta mutu. A nan babu mai, babu ƙwaya, babu jiƙo da zai tsiro da gashi. Aikin likita shi ne tsayar da cutar kada ta ci sauran. Abin takaici, masu wannan matsala su suka fi kowa kashe kuɗi, domin kowace kwalbar da ta gaza tana tura su ga ta gaba.

Dashen gashi da sababbin magunguna

Dashe aikin tiyata ne da ake cire saiwoyi daga ƙeya a dasa su a goshi ko tsakar ka. Ba ya ƙara yawan gashin kai, wuri kawai yake sauya masa. Birnin Istanbul ya yi suna a wannan sana'a, inda aikin kan fara daga wajen dala 2,000. A lissafin naira 1,500 kan dala ɗaya, naira miliyan 3 ke nan, kusan albashin shekara uku da rabi na mai ɗaukar 72,000, ban da tikitin jirgi da biza. Bayan dashen ma akan buƙaci ci gaba da magani don kada gashin da ke kewaye ya ci gaba da zuba. Ga mai fatar da ke yin tudun tabo, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, wajibi ne a auna haɗarin kafin wuƙa ta taɓa kai.

Ga mai alopecia areata mai tsanani, Amurka ta amince da ƙwayar baricitinib a 2022, amma tsadarta ta fi ƙarfin talaka ko a can. Sauƙin da ke akwai shi ne, in zagayen ƙarami ne, sau da yawa gashin kan dawo da kansa cikin shekara guda, ko da taimakon allurar da likitan fata ke yi a wurin.

Mabambantan ra'ayoyi

Ra'ayi na farko na ganin zubewar gashi ba cuta ba ce. Masu shi na cewa sanƙo ba ya kisa, hula ta wadatar, kuma jihar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, mutuwar mata wajen haihuwa da tamowa ba ta da kuɗin da za ta zuba a kan ado. Tsarin inshorar lafiya, wato taimakekeniyar da kowa ke zuba kaɗan don a ɗauki nauyin wanda ya kwanta, a kan wannan tunani ya ginu. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta shiga tsarin, Jihar Kaduna kuma tana da tata hukumar, KADCHMA, da aka kafa bisa dokar 2018. Amma tiyatar ƙawata jiki tana cikin abubuwan da tsarin ƙasa ya ware cewa ba ya biya.

Ra'ayi na biyu, wanda likitocin fata suka fi riƙewa, yana cewa kuskure ne a yi wa duk zubewar gashi kuɗin goro. Ƙora cuta ce mai yaɗuwa. Zubewar gashi kan zama alamar farko ta ƙarancin jini, ciwon tayirod ko cutar garkuwar jiki. Sannan ga damuwar zuciya, musamman ga mace a al'ummar da gashi ke cikin abin da ake yaba amarya da shi. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, wanda bai taɓa jin kunyar cire ɗankwali a gaban 'yan'uwansa mata ba zai iya raina abin.

Ra'ayi na uku na masu maganin gargajiya ne da masu shagunan magungunan Musulunci. Hujjarsu ita ce man kaɗanya, man kwakwa, man alayyadi, man zaitun, habbatussauda, hulba, karkashi da ganyen magarya iyaye da kakanni sun san su, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Gaskiya ne cewa mai yana tausasa gashi ya rage karyewa. Garin chebe na matan Chadi ma ta wannan hanya yake aiki, a jikin gashi ake shafa shi don ya riƙe tsawonsa. Abin da babu hujja a kansa shi ne cewa waɗannan suna kashe ƙora ko tayar da matacciyar saiwa. Ya kamata kuma a fahimci lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993. Lambar maganin gargajiya da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an duba cewa ba ya cutarwa, ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa.

Ra'ayi na huɗu na malamai ne. Hadisin da ya hana haɗa gashi da wani gashi yana cikin Bukhari da Muslim, don haka gashin doki da hular gashi suna da magana a kansu, ko da yake malamai sun saɓa game da zare ko ulu, da kuma macen da lalura ta raba da gashinta. Dashe kuwa malamai da dama sun halatta shi, ciki har da Shehu Ibn Usaimin, bisa cewa gusar da aibi ne, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tafi a kan haka a zamanta na Maleshiya a 2007. Ta fuskar aljihu, wannan na nufin hanya mai araha ita ce ake saɓani a kanta, wadda aka fi yarda da ita kuma ita ce mafi tsada.

Abin da zai iya biyo baya

Muddin magani na bin dala, ƙwararru kuma suna nesa, kasuwar haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba za ta ci gaba da bunƙasa, musamman a TikTok da WhatsApp inda hoton "kafin" da "bayan" ya isa hujja. Kuɗin adashi da na cefane za su ci gaba da zurarewa kaɗan-kaɗan, ta yadda mai su ba zai ankara ba sai ya zauna ya tara lissafi. Jabun minoxidil zai ƙaru tunda na gaske ya yi tsada. Masu shan ƙwayarsa ba tare da likita ba suna iya gamuwa da bugun zuciya da kumburin ƙafa. Ƙwayar biotin da ake tallatawa, wadda ba ta da wani amfani sananne ga wanda ba ya da ƙarancinta, tana iya rikita sakamakon gwajin tayirod da na zuciya, kamar yadda hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017.

Akwai kuma gyaran da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kemis su gane ƙora su daina ba da na shafawa shi kaɗai. Masu aski da wanzamai su riƙa tsabtace kayan aiki tsakanin kai da kai. Makarantun boko, Islamiyya da na allo su riƙa duba kan yara. Makitsa su sassauta hannu a gaban goshi, iyaye kuma su daina auna kyan kitso da tsaurinsa. Hukumomin inshora su bayyana wa jama'a a fili abin da suke biya na cututtukan fatar kai, domin kada mai ƙora ko ƙarancin jini ya zauna a gida yana zaton nasa ma ado ne.

Kammalawa

Ba tsadar magani kaɗai ke cinye kuɗin masu zubewar gashi ba, sayen magani kafin sanin ciwo ya fi cinye shi. Wani haƙurin wata shida ne maganinsa, wani ƙwayar mako takwas, wani sai ya yanke shawarar ko zai iya biya duk wata har tsawon shekaru, wani kuma gaskiya yake buƙata a faɗa masa don ya daina zuba ruwa a kwando. Kafin ka miƙa kuɗi ga kowa, tambaye shi abu uku: mene ne sunan abin da ke damuna, wata nawa zan yi ina saye, me zai faru in na daina? In ya kasa amsawa, mayar da kuɗinka aljihu ka nufi asibiti, domin kuɗin kati da gwajin jini sun fi kwalba goma da aka saya da ka amfani.